Mililita biyu ko ɗigo biyu: lamarin nalokson na feshin hanci a Amurka

A shekarar 2006 hukumar lafiyar jama'a ta birnin Boston ta fara raba wata 'yar jaka ga masu shan hiroyin da iyalansu da abokan zamansu. Abu uku ne a ciki: siririyar kwalbar gilashi mai ɗauke da maganin nalokson, bututun sirinji na roba wanda ake murɗa kwalbar a cikinsa, da wani farin kai mai laushi da ake ɗaurawa a gurbin allura. Idan ƙwaya ta fi ƙarfin mutum numfashinsa ya fara ɗaukewa, wanda ke kusa da shi zai harhaɗa ukun, ya fesa masa rabin ruwan a kafar hanci ɗaya, rabin a ɗayar. Babu kamfanin da ya ƙera wannan haɗi a matsayin magani guda. Ruwan na allura ne, kan feshin kuma kayan asibiti ne da aka yi don wasu ayyukan, kuma babu hukumar da ta gwada su tare ta ba da lasisi. Duk da haka, da shi jihohi da dama na Amurka suka dogara har kusan shekara goma.

Dalilin ƙirƙirarsa a fili yake. Magungunan dangin ofiyom, irin su mofin da hiroyin da kodin da fentanil, suna zama ne a wasu gurabu na ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwa, har da sashen da ke sa mutum ya ci gaba da numfashi ko yana barci. In suka yi yawa sai numfashi ya yi ta ja da baya har ya tsaya, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci. Nalokson yana tunkuɗe ƙwayar daga gurbin ya zauna a wurinta, shi kuma ba ya bugarwa, ba ya danne numfashi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi tun 1971, amma a matsayin allura. Ba a yin sa na haɗiya don wannan aikin saboda hanta. Abin da ya bi ta ciki sai ya ratsa hanta kafin ya shiga jinin jiki, ita kuwa tana lalata kusan dukkansa. Abin da ke tsira bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. A riƙe wannan adadi, domin a kansa lamarin gaba ɗaya ya rataya. Duk ɗigon nalokson da ya zarce hanci ya faɗa maƙogwaro aka haɗiye shi, ya tafi ke nan.

Ma'aikatan motar agajin gaggawa ne suka fara komawa ga hanci, kuma don kare kansu suka yi. Neman jijiya a hannun mutumin da ya daɗe yana yi wa kansa allura aiki ne mai cin lokaci, sannan allurar da ta taɓa jininsa in ta soki ma'aikaci akwai fargabar ƙanjamau da ciwon hanta. A farkon shekarun 2000 ma'aikatan birnin Denver suka gwada ɗaura kan feshin nan, wanda ake kira MAD, a kan sirinjin nalokson. A rahoton da suka wallafa a 2005, cikin mutum 52 da nalokson ya farfaɗo da su, 43 sun tashi ne da feshin hanci kaɗai. Boston ta ɗauki dabarar ta miƙa ta ga mutanen gari, domin uwa ko aboki da bai taɓa riƙe allura ba zai fi iya fesa wa mutum abu a hanci. Cikin wata 15 na farko an horar da mutum 385, aka samu rahoton ceto 74. Jihar Masacusets, inda Boston take, ta faɗaɗa shirin, kuma wani nazari da mujallar BMJ ta buga a 2013, wanda ya duba garuruwa 19 na jihar, ya nuna mace-macen ofiyom sun fi raguwa a garuruwan da aka fi raba jakar.

Jakar dai ta ceci rayuka, babu musu a nan. Abin da ya sa ta cancanci nazari shi ne, ta yi hakan ne alhali mafi yawan maganin da ke cikinta ba ya zama inda ake so ya zauna.

Abin da ke bayan kafar hanci

Wanda ya kalli hanci daga waje zai ɗauka rami ne mai faɗi da ya miƙe sama. Ba haka yake ba. Hanya ce da ta kwanta ta nufi baya, zuwa bayan maƙogwaro, bangon tsakiya ya raba ta biyu. Farkonta, inda gashin hanci yake, fata ce kusan irin ta waje, mai kauri, magani ba ya ratsa ta da sauƙi. Kimanin santimita 2 zuwa 3 daga ƙofa akwai matsatsi, wuri mafi ƙunci a duk hanyar iskar, tsaga ce siririya mai tsayi, ba zagayayyen rami ba. Sai an wuce wannan matsatsin ake isa ainihin kogon. A can ma babu fili. Tuddai uku na ƙashi, na ƙasa da na tsakiya da na sama, sun ɓullo daga bangon gefe sun lanƙwashe, sun mayar da kogon 'yan lunguna da faɗinsu bai wuce 'yan milimita ba. Jiki ya yi haka ne don iska ta gogi bango sosai, ta ɗumama, ta jiƙe, ƙura ta maƙale kafin ta kai huhu. Wato hanci matata ce, aikinsa na asali shi ne tare duk abin da ya shigo da iska tun daga bakin ƙofa. Mai son shigar da magani ta nan yana gwagwarmaya ne da aikin da aka gina hanci dominsa.

Tantanin da ya lulluɓe tuddan nan shi ne wurin da ake nema. Siriri ne, a jiƙe yake, kuma ƙananan hanyoyin jini sun cika ƙarƙashinsa, jinin da ke wucewa zuwa zuciya ba tare da ya bi ta hanta ba. In aka shimfiɗa tantanin ɓangarorin biyu zai kai faɗin santimita murabba'i 150 ko ɗoriya kaɗan. A kansa akwai shimfiɗar majina mai kaurin kimanin maikiromita 10 (maikiromita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), a ƙarƙashinta kuma 'yan gasu ƙanana da ido ba ya gani suna kaɗawa dare da rana, suna tura majinar baya da gudun milimita 5 zuwa 6 a minti. Cikin minti 15 zuwa 20 abin da ya sauka a wannan yanki ya riga ya isa maƙogwaro. Maganin da zai shiga jini ta nan yana da ɗan lokaci ƙayyadadde, ya shiga ko a share shi.

Inda ɗigo zai sauka kuwa girmansa da gudunsa ne ke yanke hukunci. Manyan ɗigogi masu gudu ba sa iya bin lanƙwasar hanya. Duk bangon da suka fara cin karo da shi nan suke fashewa, kuma bangon farko shi ne bakin matsatsi da goshin tudun ƙasa. Waɗanda suka gaza maikiromita 10 kuma sun yi rashin nauyi da yawa, suna iya bin iska su wuce hancin baki ɗaya su gangara huhu. Shi ya sa masu ƙera na'urorin feshi suke neman tsakiya, kuma kan MAD an yi shi ne ya fitar da ɗigogi tsakanin maikiromita 30 da 100. Hotunan feshi da ake gani a tallace-tallace, inda hazo ke buɗewa a sarari, yaudarar ido ne in ana maganar cikin hanci. A can babu wurin buɗewa. Masu bincike sun daɗe da tabbatar da haka ta hanya biyu: ko su gauraya ruwan da ɗan sinadari mai fitar da hasken nukiliya mara ƙarfi su fesa wa mutum su ɗauki hoto da kyamara ta musamman, ko su zuba hancin roba daidai da hoton sikanin na mutum su fesa a ciki su buɗe su duba. Amsar kusan ɗaya ce kullum: feshin da aka saba da shi yana zuba mafi yawan kayansa a gaba, daga nan ne yake malala baya a hankali. Lungun can sama inda jijiyar jin ƙamshi take, wanda wasu ke fatan bi ta nan su kai magani ƙwaƙwalwa kai tsaye, da ƙyar feshi ke taɓa shi. Nalokson dai ta jini yake bi, ba ya buƙatar wannan lungun.

Yanzu a yi ɗan lissafi. Faɗin santimita murabba'i 150 da kaurin maikiromita 10 ya ba da mililita 0.15. Ke nan duk majinar da ke lulluɓe da lafiyayyen hanci, hagu da dama, ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na mililita ba. Wannan ne ya sa feshin hanci na kanti yake fitar da kimanin mililita 0.1 a matsa ɗaya, kusan ɗigo biyu. Jakar Boston kuwa miligiram 2 ce a cikin mililita 2, wato mililita guda cur a kowace kafa, fiye da ninki goma na ruwan da bangon wannan ɓangaren ya saba riƙewa. Mai shafa wa bango farar ƙasa ya san wannan: shafi mara kauri yana kamawa, amma in ka watsa bokiti guda, bangon zai riƙe abin da zai iya ne kawai, saura ya gangara ƙasa. A hanci, gangarawar hanya biyu ce. Ko ruwan ya dawo ta ƙofa ya zubo kan leɓe, ko ya bi kwarin ƙasan hanci ya zarce maƙogwaro. Duk wanda ya taɓa fesa magani a hanci ya ji ɗaci a bayan harshe, abin da ya ɗanɗana shi ne rabon da ya ɓace.

Wanda ƙwaya ta kwantar kuma yanayinsa ya ƙara dagula abin. A rigingine yake, don haka nauyin ruwa yana jan sa kai tsaye zuwa maƙogwaro. Ba ya shaƙa, ba ya iya gyara zaman kansa, ba zai ce ya ji abu na zubo masa ba. Komai ya koma kan na'urar da hannun mai fesawa, wanda shi ma jikinsa rawa yake yi.

Adadi na farko da ya tayar da hankali daga Ostareliya ya fito. A 2008 wasu masu bincike suka ba maza shida masu lafiya nalokson ta jijiya, ta tsoka, da ta hanci, suka riƙa auna jininsu. Ruwan da suka yi amfani da shi ya fi na Boston tsinkewa, miligiram 0.4 a kowace mililita, don haka miligiram 2 sai da ya ci mililita 5, cikin ƙaramin cokali. Abin da ya kai jini ta hanci kashi 4 ne cikin 100. Kusancin wannan adadi da kashi 2 na haɗiya ba haɗuwa ba ce kawai. Mutanen sun haɗiye maganin ne ta hanci. Gwaje-gwaje biyu da aka yi a motocin agaji na Melbon sun nuna abin a jikin marasa lafiya na gaske. A na 2005, da ruwa mililita 5, waɗanda aka fesa wa sun fi jinkirin dawo da numfashi a kan waɗanda aka yi wa allura a tsoka. A na 2009 an matse miligiram 2 ɗin cikin mililita 1, sai tazarar ta ragu sosai: cikin minti goma kashi 72 na 'yan feshi sun farfaɗo, kusan kashi 78 na 'yan allura. Amma masu buƙatar ƙarin magani sun kai kashi 18 a ɓangaren feshi, alhali a ɓangaren allura ba su kai kashi 5 ba. Magani ɗaya, nauyi ɗaya. Ruwan kawai aka rage, sakamako ya sauya.

To ta yaya jakar ta yi aiki duk da wannan asara? Saboda nalokson magani ne mai ƙarfi, kuma an fara da rara. Miligiram 0.4 a tsoka yakan isa ya tayar da wanda hiroyin ta kwantar. Jakar tana ɗauke da ninki biyar na hakan, saboda haka ko kashi ɗaya cikin biyar ne ya shiga, an kusa kai wa gaci. Wannan rarar ce ta fara ƙarewa lokacin da fentanil na bayan fage ya mamaye kasuwar ƙwaya a Amurka daga wajen 2013 zuwa 2014. Fentanil ya ninka hiroyin ƙarfi kusan sau 50, kuma yana tsayar da numfashi cikin sauri. A 2015 mutum fiye da 33,000 ne ofiyom ya kashe a ƙasar.

Farfesa John Strang na jami'ar King's College a Landan da abokan aikinsa sun fito fili a mujallar Addiction a farkon 2016, suka tambaya ko raba irin wannan haɗi ba tare da gwaji da lasisi ba dabara ce ko ganganci. Masu aiki a tituna sun mayar da martani da cewa mutane na mutuwa yau, ba su da lokacin jiran takarda. A ganina ɓangarorin biyu tambayoyi daban suke amsawa. A hannun uwar da ɗanta ya daina numfashi a banɗaki, da babu gara ba daɗi, kuma alƙaluman Masacusets sun tsaya mata. Abin zargi yana wani wurin. Iyakar ruwan da hanci ke riƙewa ba sabon ilimi ba ne, masu haɗa magungunan mura da na ciwon kai sun san shi shekaru da dama kafin 2006. Nalokson tsohon magani ne mai araha wanda haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, masu buƙatarsa kuma ba mutanen da kasuwa ke rububi ba ne, shi ya sa aka yi shekaru babu wanda ya zauna ya yi masa ruwa mai kauri.

Ma'aunin FDA da abin da ya biyo baya

A watan Afrilu 2012 FDA ta kira taro kan nalokson, kuma daga nan hanya ta fito. Ba a buƙaci kamfani ya gwada sabon feshi a kan mutanen da ke bakin mutuwa ba. Abin da aka buƙata shi ne ya nuna, a jikin masu lafiya, cewa feshinsa yana kai nalokson cikin jini daidai da allurar miligiram 0.4 ko fiye, musamman a mintocin farko. Kamfanin Lightlake tare da cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, NIDA, suka yi aikin, kamfanin Adapt Pharma ya karɓi lasisin, FDA ta amince da feshin Narcan ranar 18 ga Nuwamba 2015.

Sauyin da aka yi ba shi da wani ƙawa. Miligiram 4 a cikin mililita 0.1. Kaurin ruwan ya tashi daga miligiram 1 a mililita zuwa 40, ninki arba'in, yawan ruwan kuma ya sauko daga mililita 2 zuwa kashi ɗaya cikin ashirin na hakan, a kafa ɗaya kacal. Abin da ke kai wa jini, in aka gwada da allurar tsoka, ya koma tsakanin kashi 40 da 50 cikin 100, kuma ƙololuwar maganin a jini ta ninka ta allurar miligiram 0.4 kusan sau biyar. Yana da kyau a lura cewa ko a nan fiye da rabin maganin ba ya isa. Ba a ci galabar hanci ba. An daina cika shi da ruwa ne, sannan aka zuba ninki goma na abin da allura ke ɗauka don a rufe giɓin. Turai ma da ta amince da nata feshin, Nyxoid, a 2017, mililita 0.1 ɗin dai ta tsaya a kai, da miligiram 1.8. Kuma a san ma'aunin ba wasa ba ne: a watan Nuwamban 2015 ɗin, FDA ta mayar wa kamfanin Indivior da takardarsa ta wani feshin nalokson saboda shigarsa jini a mintocin farko bai kai yadda ake so ba.

Na'urar kanta ta ɗauke wa mai fesawa nauyi biyu. Na farko harhaɗawa: babu murfin da za a cire nan da can, babu kwalbar gilashi da za a murɗa da hannu mai karkarwa. Na biyu, wanda ba a cika ambata ba, ƙarfin matsawa. A sirinji mai kan MAD, babban yatsan mutum ne ke samar da matsin da ke farfasa ruwa ya zama hazo. In ya danna da zafin nama hazo ya fito, in ya danna a hankali cikin tsoro ruwa ya tsiyaya. Na'urar Narcan, ƙirar kamfanin Aptar, tana da wata 'yar turjiya a ciki: madannin ba ya motsi sai ƙarfin yatsa ya kai wani mataki, sannan ya saki gaba ɗaya, wata ɓoyayyiyar allura ta huda murfin ƙaramar kwalbar, ruwan ya fita da ƙarfi iri ɗaya ko wane ne ya danna. Ba ta da bututun tsotso irin na kwalbar feshin mura, wanda sai kwalbar na tsaye yake jan ruwa kuma sai an fara danna shi sau da yawa a iska. Don haka tana aiki a kan wanda ke kwance. Farashin wannan sauƙin shi ne harbi ɗaya gare ta. Wanda ya ce bari ya gwada ta a iska ya gani, ya zubar da maganin duka, shi ya sa gargaɗin kada a gwada yake rubuce a jikin fakitin.

Shekara guda bayan haka, wani abu ya faru da ya nuna muhimmancin siffar feshin ƙarara. A ƙarshen 2016 kamfanin Teleflex, mai ƙera kan MAD, ya janye wasu rukunai daga kasuwa saboda an samu ƙorafin cewa suna tsarto ruwa a miƙe maimakon su fitar da hazo. Ma'aikatun lafiya na jihohi suka shiga sanar da masu riƙe da jakunkuna su duba lambar kayansu. A ido, bambancin ƙarami ne, tunda ruwan ya shiga hanci ko ta yaya. A aikace kuwa, tsartuwa tana bugun wuri ɗaya, ta taru, ta bi kwarin ƙasan hanci ta wuce, ba ta shafi tuddan da ke tsotsa ba. Hazon ne kaɗai abin da ke ba mililita guda damar bazuwa a bango. A 2019 masu binciken NIDA suka gwada haɗin sirinjin da na'urorin da FDA ta amince da su a jikin mutane masu lafiya, suka samu cewa nalokson da haɗin ke kai wa jini ya yi ƙasa sosai da na feshin miligiram 4, ko da an maimaita shi.

Akwai wani giɓi a yadda ake tantance irin waɗannan na'urori da ya kamata mai karatu ya sani. Gwaje-gwajen da hukuma ke nema a masana'anta, girman ɗigogi da ake aunawa da hasken leza, faɗin tabon da feshi ke bari a takarda, kusurwar buɗewar hazo, duk a sarari ake yin su. Suna tabbatar da cewa na'ura ta dubu ɗaya ta yi daidai da ta farko, amma ba sa faɗin inda ruwan zai sauka a cikin hancin wani mutum. Gwajin jini kuma a kan masu lafiya ake yi, masu hanci a buɗe. Hancin da ake tararwa a titi daban ne: mai mura, mai haɓo, wanda amai ya toshe, wanda shaƙar hodar iblis ta ƙona masa tantani. Ko a rahoton Denver, an lura da irin waɗannan matsalolin hanci a cikin waɗanda feshi bai tayar ba sai da aka koma jijiya. Ko lafiyayyen hanci ma ba ya buɗe ɓangarorinsa biyu daidai. A mafi yawan mutane ɗaya yakan ɗan kumbura ɗayan ya saki, su riƙa karɓa-karɓa bayan 'yan sa'o'i.

Da wannan a zuciya, umarnin da ke jikin fakitin yana karantuwa da ma'ana. A kwantar da mutum a rigingine a ɗan ɗaga haɓarsa, don ɗigo biyun su malala baya kan tuddai maimakon su zubo waje. A tura bakin na'urar har yatsun da ke riƙe da ita su taɓa ƙasan hanci, don feshin ya tashi daga kusa da matsatsi, ba daga cikin gashin ƙofa ba. In bai farka ba bayan minti 2 zuwa 3, a ɗauko sabuwa a fesa a ɗaya kafar, tunda bangon ta farko ya riga ya jiƙe, kuma wataƙila ita ce a toshe. A kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka, tun farko, a juya shi kan gefensa, domin nalokson yana iya ƙarewa a jiki kafin ƙwayar ta ƙare numfashi ya sake ɗaukewa.

A ranar 29 ga Maris 2023 FDA ta yarda a sayar da Narcan ba tare da takardar likita ba, kuma kafin ƙarshen shekarar ya hau kantocin magani a kan kusan dala 45 fakiti mai guda biyu. Kafin nan, a 2021, shekarar da mace-macen shan ƙwaya a Amurka suka haura 100,000, ta amince da Kloxxado, mai miligiram 8 a cikin mililita 0.1 ɗin dai. Hujjar ita ce fentanil na buƙatar ƙari. Tunda an warware matsalar ruwa, zuba ƙarin magani a ɗigo biyun ya zama abu mai sauƙi, sai tambayar ta koma ko ƙarin yana da amfani.

'Yan sandan jihar New York sun ba da amsa ɗaya. Daga Maris 2022 zuwa Agusta 2023 an ba wasu rundunoninsu feshin miligiram 8, sauran suka ci gaba da na miligiram 4, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa sakamakon a Fabrairu 2024. Waɗanda suka rayu kusan kashi 99 ne a kowane ɓangare, kuma yawan feshin da aka yi wa kowane mutum bai bambanta sosai ba. Inda aka ga bambanci shi ne wahalar yankewar ƙwaya farat ɗaya, har da amai: kimanin kashi 38 na waɗanda aka ba miligiram 8 sun shiga wannan hali, a kan kimanin kashi 19 na 'yan miligiram 4. Amai kuwa ga mutumin da ke kwance a rigingine, bai gama dawowa hayyacinsa ba, haɗari ne na kansa, domin yana iya shaƙe shi ya gangara huhu.